Jan Fentin Baba a Hanyar Tafki

Skardal,
Ƙarshen watan Oktoba.

Zuwa ga ƙanena Halvard,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri daga yayarka Tordis. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Coralie da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin Calgary ya zo muku da sauƙi bana. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiya. Mijina Steinar ya gama sauko da tumaki daga kan dutse, kuma tun da ya dawo yake ɗingishi yana ba da labari kamar wanda ya je yaƙi, alhali tunkiya ɗaya ce ta wahalar da shi. Ingunn tana can Bergen tana karatu, ba ta tunawa da uwarta sai ranar da take son a aika mata da naman rago. Lokacin kaka ya yi kyau ƙwarai, ganye ya yi rawaya har bakin kogi, dusar ƙanƙara ta fara sauka a saman duwatsu amma ba ta iso mana kwari ba tukuna. Na ga hoton Sindre da ka turo. Ka ba yaron nan haƙuri, kunnuwanka ya ɗauko kaf.

Na zaɓi in rubuto maka da hannu ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Maganar Baba ce, da ɗakin nan na gidan dattawa da aka samar masa a cikin gari, wanda ka ce mu ba da amsa kafin tsakiyar Nuwamba ko a bai wa wani. Na san ba ƙin Baba kake yi ba. Hujjojinka duk gaskiya ne: yana zaune shi kaɗai tun rasuwar Mama, ya kusa tamanin, kuma sau biyu yana goga motarsa a ginshiƙin ƙofar gida da ya shekara arba'in yana wucewa. Amma ni da kai mun sani, ranar da Baba ya koma gari, ranar ya rabu da hanyarsa ke nan, don ba wanda zai riƙa ɗauko shi kullum da safe ya kawo shi bayan coci. Na ce maka zan yi tunani. To, kafin in gama tunanin sai abu ya faru, shi ne zan ba ka labari, kuma ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya.

Ka san tun bazara likita ya ɗora mini tafiyar ƙasa kullum saboda hawan jini. Ina yi, ba fashi, amma a shimfiɗaɗɗiyar hanyar bakin kogi, inda ba tudu ba gangare, rediyo a kunnena. Hanyar Baba kuwa, wadda ta tashi daga bayan coci ta bi cikin itatuwa zuwa tafkin Langvatn sannan ta haye har ƙololuwar dutse, rabona da ita tun muna yara yana tasa mu gaba da gwangwanin fenti yana shafa jan alama a duwatsu don masu tafiya kada su ɓace. Na rantse a lokacin ba ni ba ita, kuma na cika alkawari. Shi kuwa bai fasa ba ko rana ɗaya: ya sha gahawa, ya rataya jakar nan tasa mai zarto da 'yar fartanya da gwangwani, ya kama hanya. Da ya ji ina tafiyar bakin kogi sai ya ce wai wannan ba tafiya ba ce, rakiyar agwagi ce. Gorin nan ne ya sa da aka kira gayyar kaka ta gyaran hanyoyi na ce bana da ni za a yi.

Gunvor ce shugabar ƙungiyar masu kula da hanyoyin dutse yanzu. Eh, Gunvor ɗin da ka taɓa rubuta wa waƙa a firamare ta mayar maka da ita bayan ta gyara kurakuran. Tana nan yadda ka san ta, ba ta da kwana-kwana. Da yake hanyoyin da yawa, kowace shekara ɗaya ake zaɓa a taru a kanta, kuma an daɗe ba a bi ta kan ta Baba ba, don kowa ya san ba ta bukatar hannun kowa. Bana Gunvor ta ce layi ya zo kansa, akwai katakon tsallake fadama da ya ruɓe, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Maimakon ya yi murna sai Baba ya tubure, wai a je ta Arnfinn, abokin faɗansa mai riƙe da hanyar gabas, don ita ce ko akuya sai ta yi addu'a kafin ta bi. Na yi dariya a lokacin. Da na tuna cewa ruwa ba ya tsami banza, da na tsaya na yi tunani.

Ranar Asabar muka haɗu a bayan coci, mu goma sha wani abu, yawancinmu furfura ta gama da su. Ni da Gunvor ne yara a cikinsu, ka ji inda duniya ta kai mu. Inna Borghild, wadda ta girmi Baba, ta zo da sandunanta biyu da kwandon waina da cuku. Aka raba kaya: masu share ganye daga magudanar ruwa, masu sare rassan da suka tare hanya, da mu 'yan ɗaukar katako. Muna shiga cikin itatuwa sai kowa ya ja ya tsaya. Halvard, gani ya kori ji. Ja ne ko'ina. Kowane dutse da alama, kowane kututture da alama, har saiwar da ta fito ƙasa ba ta tsira ba, kuma ba 'yan ƙananan da ka sani ba, wasu faɗinsu ya kai faranti. Arnfinn ya dafa ƙugu ya dubi Baba ya ce, "Oddvar, ƙyanda ce ta kama hanyar taka, ko rago ka yanka ka ja shi har tafki?" Wani ya tambaya ko gwanjon fenti aka yi a gari ba a gaya masa ba. Arnfinn ya ƙara da cewa ko kazar da ta sha giya aka saki a nan sai ta kai Langvatn ta dawo. Muka yi ta dariya, ni har da ajiye katako ina riƙe ciki.

Baba ya ce fenti nasa ne, hannu nasa ne, wanda ja ke damunsa ya rufe ido. Gunvor ba ta yi dariya ba. Ta ce masa cikin ladabi shi ne ya koya mata ƙa'idar aikin nan: ka tsaya a kan alama, in kana hango ta gaba to ya isa, in ba ka hango ta sai ka sa wata a tsakani, ba ƙari ba ragi, don dutse ba bangon ɗaki ba ne. Sai Baba ya ɗaga murya ya ce shi bai taɓa karya ƙa'idar nan ba, duk alamar da ya sa bukata ce ta sa ya sa ta. Sauran suka ɗauka taurin kai ne irin nasa, suka ci gaba da zolaya. Ni kuwa sai na daina dariya, don na san Baba yana iya komai amma ba ya ƙarya a kan aiki. Na nemi wata tsohuwar alama wadda ta koɗe, na tsaya a kanta, na ɗaga kai. Ga 'yar'uwarta can a gaba, ina ganinta sarai. A tsakaninsu kuwa sabbi ne jere, na bara sun ɗan ba juna tazara, na bana suna neman taɓa juna. Nan take na gane. Duk ranar da ya tsaya bai hango ta gaba ba sai ya bi ƙa'ida ya ƙara ɗaya, hanyar tana ta ƙara ja, idonsa yana ta ƙara tafiya. Sai na tuna ginshiƙin ƙofar gida. Da muka isa tafki na zuba gahawa na miƙa masa, sai da hannunsa ya wuce kofin sannan ya laluɓo shi.

Gunvor ta ce mu ci abinci, ita za ta haura sama ta duba sauran. Muna zaune a bakin ruwa aka koma maganar goge alamomin, sai Inna Borghild ta buga sandarta a ƙasa ta ce duk wanda ya taɓa mata su ya ci wainarta ta ƙarshe. Ashe tun bara take zuwa tafkin nan ita kaɗai duk ranar da ba ruwa, bayan ta yi shekaru ba ta iya shiga daji don ba ta ganin alamun. 'Ya'yanta suna can suna zaton kanti take zuwa. Ta ce hanya ɗaya ce a duk kwarin nan da aka yi don idon tsoho, su kuma masu idon mikiya suna son su lalata ta. Sai ta juya ta nuna Arnfinn da cokali ta ce shi ma ya faɗi gaskiya, wa take haɗuwa da shi a nan da sassafe? Arnfinn ya yi ta kame-kame, wai inuwar nan ta fi daɗi, wai gwiwarsa ba ta son hanyar gabas, daga ƙarshe ya amsa cewa tasa alamun ma sai ya sa tabarau biyu yake ganinsu. Baba ya ce, "Ashe kai ne ɓeran da ke zubar mini da ɓawon lemu!" Aka sake fashewa da dariya, har Baba, wanda tun safe fuskarsa ke ɗaure.

Da Gunvor ta sauko na ga fuskarta ta sauya. Ta ja ni da Baba gefe, ba ta son kowa ya ji. Ta ce daga coci zuwa tafki za ta bar alamun yadda suke, ba su cutar da kowa, kuma ta ji hujjar Inna Borghild tun daga nesa. Amma a sama ba haka ba ne. Can inda itatuwa suka ƙare, a wurin da hanya ke karya kwana ta hagu, Baba ya bi sawun tumaki ya zarce, ya jera sabbin alamu suka nufi bakin gaɓar nan mai zurfi kafin su lanƙwaso su dawo. Da rana tsaka mai ido zai gane, amma baƙo a cikin hazo ja kawai zai bi. Baba ya tambaye ta wane ɓangare, ta faɗa masa. Bai yi musu ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, kuma rabona da ganinsa haka tun ranar da muka binne Mama.

Da yamma na bi shi gida. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce ya kai shekara biyu abubuwa suna yi masa kamar ana kallonsu ta gilashin da ya yi raɓa. Na ce don me bai faɗa ba? Ya ce wai da ya faɗa, da ni da ɗan Kanada mun haɗa baki mun saka shi a akwatin nan na gidan dattawa mai na'urar hawa bene, inda tafiyar yini ita ce daga gado zuwa talabijin. Kai ne ɗan Kanada, in ba ka gane ba. Na buɗe baki zan yi masa faɗa, ka san hali, sai ya laluba aljihu ya fito da makullin mota ya ajiye a gabana ba tare da na tambaya ba. Ya ce ginshiƙi ba ya jin zafi, amma ɗan mutane yana ji. A makon da ya biyo na kai shi wurin wata likitar ido. Idon hagu yanar ido ce ta rufe shi, za su cire ta bayan sabuwar shekara kuma zai samu sauƙi sosai a kan abin da ke kusa. Na dama kuwa ya tafi, ba zai dawo ba. Likitar ta ce zai iya zama a gidansa muddin ana leƙa shi, amma ba tuƙi, ba hawa ƙololuwa shi kaɗai. A hanyar dawowa muka tsaya shan shayi, inda ya ce likitar yarinya ce mai hankali amma hannunta sanyi kamar kifi.

Abin da ya roƙi Gunvor ɗaya ne: kada kowa ya goge alamun sama sai shi, wai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ta yarda da sharaɗin in bi shi. Na ɗauki hutu a wurin aiki, Allah kuma ya ba mu ranakun da ba ruwa, don fenti ba ya kama jiƙaƙƙen dutse kuma sanyi na tafe. Aikina shi ne in nemo tsofaffin alamu na gaskiya in sabunta su, shi kuma ya bi nasa na ƙari da buroshin ƙarfe ya kankare. Ya ce daga sama za a fara a sauko. Ranar farko muka hau har ƙololuwa, ni ina haki kamar tsohuwar babbar mota, shi yana gaba yana tambaya ko agwagin bakin kogi ba su koya mini numfashi ba. A can sama ya zauna ya ci burodinsa, ya riƙa nuna duwatsu da yatsa yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, na san ba ganinsu yake yi ba. Sannan ya durƙusa ya fara gogewa. Layin da ya nufi gaɓa shi ya fi ba shi lokaci, ya kankare shi har sai da ya shafa da tafin hannu ya ji ba santsin fenti.

Haka muka yi ta yi fiye da mako. Kowace safiya hawanmu yana raguwa, don inda muka tsaya jiya daga nan muke farawa mu yi ƙasa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin kwanakin nan fiye da yadda na zata. Ya koya mini duba alama ta fuska biyu, ta mai hawa da ta mai sauka, ya yi ta kushe hannuna wai ina shafa fenti kamar mai shafa man shanu a burodi. Ya ba ni labarai a kanka da ban taɓa ji ba, har da ranar da ka zauna a kan ɗanyar alama ka yini da jan wando. Sannu ba ta hana zuwa, ranar Alhamis da ta wuce muka iso dutsen ƙarshe, wanda ke saman tafki kaɗan. Ya goge shi tas, ya miƙe yana dafa baya, ya juya ya fuskanci sama. Ya tambaye ni ko ina hango alama ta gaba. Na ce ga ta can, ja wur. Ya ƙura ido ya daɗe, sannan ya ce shi ba ya ganin komai sai toka-tokar dutse, don haka aiki ya yi kyau ke nan. A lokacin ne na fahimci dalilin da ya sa ya ce a fara daga sama. Alamun nan su kaɗai ne za su iya kai shi ƙololuwa, kuma da hannunsa ya share su yana saukowa. Ya miƙo mini gwangwani da buroshin fenti ya ce sama tawa ce yanzu, ya riga ya gaya wa Gunvor. Na juya baya na yi kukana, ya yi kamar bai ji ba. Da na share ido sai na hango shi har ya yi nisa a hanyar tafki, yana bin ƙyandarsa da sauri, ko tuntuɓe bai yi ba.

Saboda haka, ƙanena, amsata ita ce a bai wa wani ɗakin, kuma ina roƙonka ka yarda. Na mayar da tafiyata ta kullum zuwa hanyarsa, muna fita tare kafin in wuce aiki, ranar da ban samu dama ba kuma ga Arnfinn da Inna Borghild, su uku suna tafe suna faɗa har tafki. Steinar zai riƙa kai shi kanti. Ba na ce maka wannan zai ɗore har abada ba, wataƙila hunturu biyu, wataƙila uku, kuma na san in wani abu ya faru ni za ka tuhuma. Na yarda. A gari zai samu ɗumi da masu kula, amma in ya farka da safe ba inda zai je. Tsoronka shi ne ba zai san lokacin da ya kamata ya haƙura ba, ni ma tsorona ke nan kafin makon jiya. Mutumin da ya durƙusa ya goge hanyarsa ta zuwa sama da hannunsa, ina ganin ya cancanci mu bar masa ta ƙasa har ranar da shi da kansa zai ce ta ishe shi.

Ka gaishe mini da Coralie ƙwarai, ka ce mata safar ulun da ta aiko ita nake sawa a dutse. Ka gaishe da Sindre da Maren, Allah ya raya su ya yi musu albarka. Steinar yana gaishe ka, Ingunn ma na san da ta kira da ta ce a gaishe ku. Baba ya san ina rubuto maka, bai tambayi abin da na ce ba. Saƙonsa kawai shi ne zumunci a ƙafa yake, ka zo da bazara, ka taho da tsofaffin kaya, akwai sauran katako a fadama kuma bayansa ya gaji da yi maka aikinka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka yayarka mai ƙaunarka,
Tordis